Mai Keke Tana Kallon Bango

Shafi na 19

Sannunku da haƙuri, masu bibiya. Mu hau ɗakin sama, can rigimar take yau.

Warin ne ya fara tarbar Lauya tun yana kan matakala. Wari irin na rigar da aka jiƙa aka manta a bokiti. Ya tsaya ya jingina da sandarsa yana mayar da numfashi, ya tambayi Auta ko ɓera ne ya mutu a silin.

Ta ce a'a Kawu, bangon ne.

Ɗakin sama shi ne dogon ɗakin da marigayi Baba ya cika da hotunansa. Ba na kyamara ba, na zanen hannu ne da fenti, waɗanda ya ƙarar da rayuwarsa yana saye yana tarawa. A can ƙarshen ɗakin, sama a bangon da ya haɗa da banɗaki, nan babban cikinsu yake. 'Yan gidan suna ce masa Mai Keke, saboda mace ce a jiki ta ɗauko keken ɗinki a ka tana tsallake kogi, ruwa ya kai mata ƙirji. Don ita baƙi suke zuwa gidan. Amma tun rasuwar Baba ba wanda ya sake ganin fuskarta, domin hoton a juye yake. Gabansa na manne da bango, bayansa na kallon mutane.

A gidan nan wannan ba abin mamaki ba ne. Baba yana da ɗabi'ar hutar da hotuna. Cewa yake haske yana cin launi, kuma hoto ma yana gajiya da idon mutane. Sai ya hau tsani shi kaɗai ya juya wanda ya ga dama, bayan wani lokaci ya mayar da shi. Da haka yaran suka tashi. In baƙo ya tambaya, su ce barci yake yi, kar ka tashe shi.

To da aka buɗe wasiyya, abin da Baba ya rubuta a fili yake, kuma duk magada sun yarda sun sa hannu. Auta ce za ta riƙe hotunan, ƙofa a buɗe ga duk mai son kallo. Kowane hoto ya zauna yadda ya bar shi ranar da ya mutu, ba cirewa, ba matsarwa, ba juyawa. In Auta ta saɓa, ko ta sa wani ya saɓa, riƙo ya koma hannun yayanta. In kuma shi Yaya ya kai hannunsa kan hoto ko ɗaya ne, shi ma ya fita, komai ya tafi gidan tarihi.

Baba bai san bututun ruwa zai tsage a cikin bango ba.

Yanzu ga Mai Gyara a kan tsani, matar da Auta ta kira daga gidan tarihi, wadda aikinta ke nan ceto hotunan da suka lalace. Tana haska bayan Mai Keke da tocila, tana ta kaffa-kaffa kar yatsanta ya taɓa firem. Mama na zaune a kujerar roba kusa da taga, hannunta a cinya.

Mai Gyara ta sauko a hankali. Ta yi wa Lauya bayani yadda ta yi wa Auta jiya. An gyara bututun ta wajen banɗaki, amma bangon ya riga ya sha ruwa ya ƙoshi. Waɗannan baƙaƙen ɗige-ɗigen da yake gani a bayan yadin fumfuna ce. In ta ɓullo ta baya, to abin da ke gaba ya fi haka muni. Ta ce ita dai ba ta san abin da doka ta ce ba, amma in hoton ya ci gaba da zama a nan, ranar da za a juyo shi yadi kawai za a tarar da katako.

Lauya ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Tsohon abokin Baba ne, shi ya rubuta wasiyyar da hannunsa. Ya ce hanya ɗaya ce. In Yaya ya amince ya sa hannu a kan cewa lalura ce, to a sauke hoton, ba wanda ya rasa komai.

Yana rufe baki aka ji ƙarar makullin mota a matakala.

Yaya ya shigo yana kaɗa makullin a yatsa. Ya rusuna ya gaida Mama, ya gaida Lauya, sannan ya dubi ƙanwarsa.

"Shugabar bango, an tashi lafiya? Ya talakawanki?"

"Lafiya lau, Yaya. Na gode da ka zo."

Ya ce ai dole ya zo, an ce masa mara lafiya gare su. Ya taka har ƙarƙashin Mai Keke, ya zuba hannuwansa biyu a aljihu yadda kowa zai gani, ya ɗaga kai. Ya shaƙi warin ya yamutsa fuska. Ya ce lallai jikin ya yi tsanani.

Auta ta yi masa bayani tun daga farko, murya ƙasa-ƙasa. Ba ta ɓoye komai ba. Ta ce ba wai tana neman wani abu don kanta ba ne. Hannu kawai zai sa, a sauke hoton ya bushe, Malama ta gyara, a mayar da shi inda yake, a juye ɗin ma in haka yake so.

Ya bar ta har ta gama.

"Ni? In saɓa wa maganar Baba?"

"Yaya, ruɓewa yake yi."

Ya ce ya ji. Amma ko ta tuna lokacin da abokinsa zai buɗe otal, ya zo ya roƙe ta aron hotuna 'yan ƙanana, na kwana kaɗan, don a ƙawata zauren shiga? Me ta yi? Ɗauko wasiyya ta yi ta karanta masa da ƙarfi a gaban matarsa, layi bayan layi, kamar ɗan makarantar da bai iya karatu ba. A ranar maganar Baba ba ta lanƙwasuwa. To yau ma ba ta lanƙwasuwa.

Auta ta ce wancan aro ne, wannan ceto ne.

Ya ce duk juyawa ce.

Lauya ya sa baki. Ya kira shi Injiniya, kamar yadda Baba yake kiransa in yana son lallashi. Ya ce su duka sun san abin da mahaifinsu yake nufi. Mutumin da ba ya bari a buɗe labule da rana saboda hoton nan, ba zai so a zuba masa ido yana lalacewa ba.

"Kawu, kai ka rubuta. Da ka rubuta abin da yake nufi."

Lauya ya sauke ido ƙasa. Wannan ta same shi.

Yaya ya fara zagaya ɗakin, hannu dai a aljihu. Ya dawo ƙarƙashin hoton ya tsaya, ya nuna ƙasa da haɓa. Ya ce ko Malama ta san nan ɗakinsa ne da? Nan gadonsa yake, daidai ƙarƙashin inda Mai Keke take. Ranar da aka kawo ta Baba ya ce ɗakin nan ya fi iska, sai aka kwashe kayansa aka mayar da shi falo. Ya gama sakandare yana kwana a doguwar kujera, in baƙi sun zo da safe a tashe shi ya naɗe bargo. Ya ce bai taɓa ganin Baba ya taɓa goshinsa ya ji ko yana da zazzaɓi ba, amma kullum sai ya taɓa bangon nan ya ji ko akwai danshi.

Ya yi dariya kaɗan, wadda ba ta kai ido ba.

"To ga danshin ya zo, shi kuma ba ya nan."

Mama ta sunkuyar da kai.

Auta ta tambaye shi abin da zai yi da hotunan in sun koma hannunsa. Bai ɓoye ba. Ya ce otal ɗin abokinsa yana nan, akwai kamfanoni ma da suka nuna sha'awa. Kowanne ya tafi inda za a ji daɗinsa. Ɗakin kuma a fasa bangon, a yi fenti, yaransa su samu wajen kwana in sun zo hutu.

Ta ce a warwatsa su ke nan.

Ya ce ai ba 'yan uwan juna ba ne, a kasuwa Baba ya haɗa su.

Mai Gyara ta ga abin ba nata ba ne, sai ta fara naɗe tocilarta a cikin kyalle. Tana naɗewa tana kallon firem ɗin, katako ne mai kauri, faɗinsa ya kai buɗe hannun mutum. Kamar mai neman abin faɗa don a rage zafi, ta ce gaskiya marigayi yana da ƙoƙari. Wannan nauyin a kan tsani ba wasa ba ne. Ta tambaya wa yake taya shi juyawa.

Auta ta ce ba kowa. Baba bai taɓa yarda wani ya taya shi ba.

Tana faɗa ta tsaya.

Fankar silin tana ta juyawa.

Domin kowa a ɗakin ban da Mai Gyara ya san yadda Baba ya ƙare. Ciwon da ya kwantar da shi ya shanye masa hannun dama gaba ɗaya. Watanninsa na ƙarshe Mama ce ke riƙe masa kofi. Ɗakin saman ma ɗauko shi ake yi a kujera a ajiye shi ya yi kallo. Kuma a duk tsawon jinyar nan, in Auta ta kawo masa shayi nan, Mai Keke yake kallo. Fuskarta a buɗe. Ta tuna sarai, domin yakan ce mata dubi matar nan, har yau ba ta haye ba.

Sun saba ganin hoto ya ba su baya har ba wanda ya tsaya ya yi tambaya. An dawo daga maƙabarta, an ga ta a juye, kowa ya ce a ransa Baba ya kwantar da ita. Lauya ya zo bayan kwanaki ya ɗauki hoton kowane bango da wayarsa don shaida, ita ma ya ɗauke ta haka.

Auta ta juyo a hankali.

"Yaya, wa ya juya ta?"

Makullin ya daina ƙara a aljihunsa.

Ya ce wace irin tambaya ce wannan. Ta maimaita, ba ta ɗaga murya ba. Lauya ya matso da sandarsa taku ɗaya, ya ce shi ma yana son jin amsar.

Yaya ya dubi taga, ya dubi ƙasa. Sannan ya ce to shi ne. Shi ya juya. Baba ne ya sa shi, da bakinsa, da safen ranar da zai rasu. Ya ce masa hau ka kwantar min da ita. Ɗa ya bi umarnin ubansa yana da rai, ina laifin? Yadda Baba ya bar ta ke nan, kuma haka za ta zauna.

Lauya ya tambaya ko akwai wanda ya gani.

Ya ce su biyu ne.

Lauya ya ce a iya saninsa, a ɗakin nan marigayi ya cika, kuma a ranar matarsa ba ta bar gefensa ba, ko sallah a nan kusa da shi ta shimfiɗa darduma ta yi.

Duk suka juya wajen taga.

Mama ba ta ɗago ba. Yatsunta ne kawai suke murza bakin mayafinta.

Lauya ya ja wata kujera ya zauna kusa da ita, ya rage murya. Ya ce ta yi haƙuri, ba ya son ya tayar mata da ranar. Amma magana ta tsaya a kanta. In mijinta yana da rai aka juya hoton, to Injiniya ya yi gaskiya, hoton ya zauna. In kuwa bayan ya cika ne, to hannu ya taɓa abin da aka hana, kuma ta san abin da wasiyya ta ce a kan mai hannun.

"Mama," in ji Yaya. Muryarsa ta canza, ba irin ta ɗazu ba ce. "Ki faɗa musu. Kina nan ai."

Ta ɗago ta dube shi. Doguwar duba ce, irin wadda uwa ke yi wa ɗan da ta san yana ƙarya kuma ta san dalilinsa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi duk da fanka.

"Babba," ta ce masa, da sunan da take kiransa, "kai ma kana nan."

Ya kawar da kai.

Auta ta ga komai a fuskar mahaifiyarta, ba ta buƙatar a faɗa mata. Ta tambayi Lauya, in Mama ta yi magana yanzu, za a sauke hoton yau?

Lauya ya ce da ma haka abin yake da sauƙi. In Injiniya ya musa, kuma ga alama zai musa, sai gaban alƙali. Mama ta je ta tsaya ta rantse a kan ɗanta. Kuma daga ranar da aka shigar da ƙara har ranar da za a yanke hukunci, ba mai taɓa komai a ɗakin nan. Kotu kuwa ba ta sauri.

Auta ta dubi Mai Gyara. Mai Gyara ta girgiza kai kawai.

Mama ta gyara zama. Ta buɗe baki. Ta ce ranar nan, lokacin da aka rufe masa ido, ta ɗaga kai don kar hawaye ya zubo, sai ta ga...

"Mama, kar ki faɗa."

Auta ce. Ta durƙusa a gabanta ta riƙe mata hannu.

"Kar ki faɗa. Ba za ki je ko'ina ki rantse a kan kowa ba."

Mama ta ce 'yar nan, ke aka ba amana.

Ta ce ta sani. Amanar ce take ruɓewa a bango.

Ta miƙe ta cire takalmanta, ta ɗaure mayafinta a ƙugu. Ta ce wa Mai Gyara ta riƙe mata tsanin da kyau, ƙafarsa ɗaya tana rawa. Mai Gyara ta ce ta bari a kira maza biyu daga ƙasa, wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Auta ta ce in ta tsaya jiran mutane zuciyarta za ta karaya, kuma ba ta son a ce wani ne ya taɓa. Hannunta ne, kowa ya gani.

Lauya ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Daga zaune ya ce ta tsaya ta yi tunani. In ta ɗaga hoton nan daga ƙusa, shi ba shi da yadda zai yi, dole ya rubuta abin da ya gani. Ɗakin nan, da hotunan nan, da duk wahalar da ta sha tun rasuwar, komai zai bar hannunta kafin ta sauko daga tsanin.

Ta ce ya rubuta, Kawu. Amma ya rubuta cewa Mai Keke da ranta aka sauke ta.

Ta fara hawa.

Yaya bai matsa daga inda yake ba. Yana nan daidai ƙarƙashin hoton, kai a sama. Abin da ya zo nema ke nan, ga shi ana miƙo masa, amma fuskarsa ba ta mai murna ba ce. Ya ce da ita a hankali ta sauko, ta daina hauka. Ba ta ko kalle shi ba.

Ta kai sama. Ta kama firem ɗin ta gefe biyu, hannuwanta da ƙyar suka kai. Ta ja numfashi ta ɗaga.

Bai motsa ba.

Ta sake ɗagawa. Sai aka ji wata 'yar ƙara, kamar ana ɓare filasta daga fata. Mai Gyara ta ce ta tsaya haka, kar ta ja, fentin ya manne da bango. Ta bi a hankali, ta fara raba ƙasan tukuna.

Auta ta bi yadda aka ce. Ƙasan ya rabu. Gefen hagu ya rabu. Wari ya buso ya cika ɗakin.

Sai ƙusar hagu ta zare daga jiƙaƙƙen bangon, da dunƙulen siminti a jikinta, ta faɗo ta yi tsalle a gaban takalmin Yaya.

Nauyin gaba ɗaya ya faɗo wa Auta a kafaɗa. Tsanin ya karkata. Mai Gyara ta rungume shi da hannu biyu ta danne da gwiwa, in ta saki Auta ce za ta faɗo. Mama ta miƙe tsaye tana salati. Lauya yana laluben sandarsa da ta zame ƙarƙashin kujera.

Hoton ya rataya a ƙusa ɗaya, kusurwarsa tana lilo a saman kan Yaya. Yatsun Auta suna zamewa a kan katakon.

Ta leƙo ƙasa ta ƙarƙashin hammatarta.

"Yaya. Kama min."

Ya ƙura wa katakon ido.

"Ba zan iya ba, Yaya. Za ta faɗi."

Hannunsa na dama ya fito daga aljihu. Ya tsaya a iska, tsakaninsa da firem ɗin bai kai taƙi ɗaya ba.

Lauya ya ce daga inda yake, Injiniya, ina kallo, kuma ka san dole in rubuta.

Garin siminti ya fara zubowa daga ramin ƙusa ta biyu, yana sauka a kan hularsa.